Rumfar Surajo Mai Sola

Wata Talata, wata biyar da rasuwar matata Tabawa, Surajo mai sola ya karɓi rediyona gyara ya ƙi dawo da shi. Ya aiko cewa in ina so in taka da ƙafata. Tun sadakar bakwai ban wuce zaure ba. Na fita da niyyar zaginsa.

Rumfarsa tana bayan layin mahauta a kasuwar Talata Mafara. Kullum da hantsi yakan goge faifan sola, ya duba batir, sannan ya kunna wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanka ba, wadda ya harhaɗa da kansa ya zuba mata wasan ƙwallo. Dokarsa ɗaya ce: kwamfuta da cajarta, hannuwan gem da ake riƙewa ana dannawa su ma da tasu. Duk wanda ya soka hannun gem a jikinta don ya sha caji, sai ta ɗauke ana tsakiyar wasa.

"Kowa da akushinai," in ji shi. "Maraƙi ba ya shayar da saniya."

Na ce ina rediyona. Ya miƙo mini hannun gem.

"Malam, kai da ka karance littattafan duniya, maɓalli huɗu za su gagare ka?"

Sun gagare ni. Maiwada mahauci ya zura mini ƙwallo tara, ya ce, "Malam, a rubuta maka ko ka haddace?" Washegari na dawo ramuwa. Shekara uku ke nan ina ramuwa.

Mutanen Bakura sun shaida ranar da hadari ya hana sola ci, ya cire batirin babur ɗinsa aka ƙarasa gasa, ya turo babur ɗin gida. A Maradun shi ya haɗa wa Malama Hidaya irin kwamfutar, ɗalibanta suke koyon rubutu. Ya kuma sa mahauta wanke hannu kafin su taɓa kayansa, abin da ya gagari duba-gari tun zamanin iyayenmu.

Surajo, kai ne ka gane wuta kaɗan ta isa in an san inda za a kai ta. Yanzu ido ya fara yi maka gardama, ka koma gona a garin Kaya. Mun gode, Allah ya saka. Masu sana'a, ku riƙa lura da wanda ya daina zuwa, ku nemo shi.

Jiya na raka Surajo tasha da magana a bakina. Da mota ta tashi, abin da na iya cewa shi ne hannun gem na biyu ba ya riƙe caji.

Ga maganar, Surajo. Dariyata ta farko bayan Tabawa, a rumfarka na yi ta.