Yadda Na Riƙa Maimaita Wa Mahaifiyata Takaba

Assalamu alaikum. Lokacin da wannan abu ya faru ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Damagaram, na shekara ashirin ina riƙe da jan bik na gyaran takardun yara. Duk wanda ya san ni ya san ba na barin kuskure ya wuce ta gabana. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ko takardar gayyatar biki aka miƙo mini sai na gyara ta kafin in yi fatan alheri. Ina alfahari da wannan hali, ina kiransa son gaskiya. Da shi na cuci mahaifiyata, shi ya sa na rubuto muku.

Inna 'yar Gidimuni ce, a bakin tafki ta tashi, aure ya kawo ta unguwar Kara-Kara. Mahaifina baduku ne, yana ɗinkin takalma a kasuwa, ita kuma tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, har daga wasu unguwanni ake aikowa. Mace ce mai son kwalliya, ko daka za ta yi sai ta zizara kwalli. Ni ce 'yar fari, don haka tsakanina da ita akwai kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ranar da na ci jarrabawar zama malama ƙannena ta yi wa fara'a, ni ko kallona ba ta yi ba. Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Baba ya rasu, Inna ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma ta fita lafiya. Bayan wasu shekaru mantuwa ta fara. Ta zuba wa miya gishiri sau biyu, ta bar gyaɗa a wuta ta ƙone. Mutane suka ce gigin tsufa ne, likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai lallashi. Na ɗauko ta na dawo da ita gidana.

Kullum in la'asar ta yi sai ta sa kwalli da 'yan kunne, ta zuba abinci a kwano ta rufe da faifai, ta tambaye ni ko Malam ya dawo daga kasuwa. Ni kuma sai in gaya mata gaskiya, Baba ya rasu tun tuni. Kowace rana sabon labari ne a kunnenta. Ta yi salati, ta fashe da kuka, ta tambayi yadda aka yi aka kai shi ba wanda ya gaya mata. Sai ta cire 'yan kunnen, ta goge kwallin da bakin zane, ta shige ɗaki ta zauna kan tabarma, ta shiga takaba. Ba ta cin komai sai gari ya waye ta manta, la'asar na yi mu koma gidan jiya. A wautata na ɗauka in na yi ta maimaitawa zai zauna mata, kamar yadda nake yi wa 'yan aji. Wata biyar muka yi a haka, har zanenta ya fara yi mata yawa.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo daga ƙauye duba ta, aka yi abin a gabanta. Ta ja ni bayan ɗakin girki ta ce, "Allah sau ɗaya ya ɗora wa baiwar nan takaba, ta kuma sauke. Ke wa ya aike ki ki riƙa ɗora mata kullum?" Na ce ni fa ba zan yi wa uwata ƙarya ba. Ta ce ba wanda ya ce in yi ƙarya, tambayar da aka yi mini ita ce ko ya dawo, to ya dawo ɗin? 

Washegari da Inna ta tambaya, na haɗiye abin da ya zo mini baki na ce bai dawo ba. Ta gyaɗa kai, ta ce haka yake in salla ta matso, aikin takalma ba ya barinsa. Ta wanke hannu ta ci abincinta. Ni kuwa kuka na shiga ɗaki na yi, ina tuna watannin da na ɓata.

Da na daina gyara mata zance sai bakinta ya buɗe. Nakan ajiye mata gyaɗa a tire, hannuwanta ba su manta ɓara ba, tana ɓarewa tana hira. A lokacin ta daina gane ni, baƙuwa ta ɗauke ni, ban kuma musa ba. A nan na ji yadda suke tsintar dabino a lambunan Gidimuni, da yadda Baba ya ɗinka mata takalmi bai auna ƙafarta ba saboda kunya, ya matse ta amma ta shekara tana sawa.

Wata rana ta tambaye ni aikin da nake yi, na ce koyarwa. Fuskarta ta washe, ta ce ita ma 'yarta ta fari madam ce a lakwal. Sai ta kira sunana, cikakke, irin kiran da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce ranar da yarinyar ta ci jarrabawa bayan rumfa ta zaga ta yi kukan murna don kada a gani. Ta tambaye ni ko na san ta, na ce na san ta.

"To in kin gan ta ki gaishe ta," in ji Inna. "Ki ce mata ni ban iya faɗa ba ne, amma duk cikin 'ya'yana da ita nake taƙama."

Ta ƙara shekara biyu tare da mu, ta mayar da jikinta, ba ta sake zaman takaba ba. Ranar da Allah ya karɓi abinsa da kwalli a idonta.

Masu jinyar tsoho mai irin wannan ciwo, ina roƙonku kada ku yi irin nawa. Ba ɗalibi ba ne, maimaici ba ya koya masa komai sai sabon baƙin ciki. Ku saurari abin da ya tambaya, ku amsa shi da taushi, ku bar shi ya yi hirarsa a shekarar da ya samu kansa. Har yau ina neman gafarar Allah kan watanni biyar ɗin nan. Da na ci gaba da gyara mata, da Inna ta tafi da saƙonta ba ta samu wanda za ta ba ya kawo mini ba. Allah ya jiƙan iyayenmu.