Harafin da Ya Kori Cindo Daga Daura

Kalilu ne sunansa na yanka, amma a Daura ba mai gane wanda kake nufi sai ka ce Cindo mai fenti. An haife shi a garin Babban Mutum da ɗan yatsa na shida a hannun hagu. Wanzami ya cire yatsan tun yana jariri, sunan kuwa ya zauna daram.

Mahaifinsa manomin gero ne da wake, mutum mai haƙuri, amma Cindo bai gado shi ba. Tun yana yaro ba ya kai ƙarshen kunya sai ya jingine fartanya ya tsaya kallon hanya. A firamare malamin Hausa ya rubuta musu c ta ciyawa da cokali, ya nuna shi ya ce ga harafin sunanka nan. Cindo ya koma gida ya cika bangon zaurensu da harafin da gawayi, ya sha dukan da bai hana shi ƙarawa ba. Da suka shiga aji na gaba, malamin Turanci ya ce sunan harafin "si", wani wuri ya fita kamar k, wani wuri kamar s, sunan Cindo ma sai an liƙa masa h a gefe kafin ya karantu. A makarantar allo kuma da ajami aka rubuta masa shi, da ɗigo uku a sama. Bai damu da wanne ne daidai ba. Zanen harufan ne ya ɗauke masa hankali.

Bai gama sakandare ba ya taho Daura, ya koyi rubutun allon shago a bakin tasha. Hannunsa ya faɗa da wuri. Masu kemis, teloli, masu sayar da kayan babur, duk sun san idan Cindo ya ja layi ba ya karkacewa. Matsalar ɗaya ce, ba ya zama. Yau rumfarsa tana bakin tasha, wata mai zuwa tana hanyar Kano, kafin damina ta koma bayan kasuwa. Yakan bar allo rabi ya hau mota zuwa Katsina don kawai ya ji an kawo wani sabon buroshi.

Wata shekara ya tsallaka iyaka ta Kongolam, ya yi Magarya, ya zarce Damagaram. Can wata mai tuwo, Hajiya Yelwa, ta sa shi ya rubuta mata allo. Ya rubuta "Gidan Cin Abinci" da ja a kan fari, ya ja baya yana yaba aikinsa. Sai ga ma'aikata da suka yi boko da Faransanci sun zo cin rana, suna karantawa "sin abinsi" suna dariya. Hajiya ba ta iya karatu ba, amma ta san dariya idan ta ji ta. Ta sa ya goge ya rubuta yadda suka faɗa masa, "Tchin Abintchi". Allon ya yi kaɗan, dole ya matse harufan har suka hau juna. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, harufa uku suna aikin da ɗaya ke yi a gida. Kafin kaka ya tattara gwangwanayensa ya dawo.

Bayan dawowarsa ya auri Murjanatu, mai yin taliyar hannu a unguwarsu, suka haifi 'ya ɗaya, Raihana. Murjanatu ta gane mijinta tun da wuri. Idan ta ga ya fara kaɗa ƙafa yana cin tuwo, ta san tafiya ta zo, sai ta wanke masa kaya ba tare da ta tambayi ina ba. Haka suka yi shekaru, har Raihana ta girma ta zama malamar firamare ta yi aure.

Cindo ya haura hamsin lokacin da jikinsa ya fara ƙi. Hawa tsani ya zama aiki, abinci ya daina yi masa daɗi, farin idonsa ya soma komawa rawaya. Ya ce warin fenti ne. Murjanatu ta yi ta magana har ya gaji da ji ya tafi asibiti, shi kaɗai. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai suna Hadiyya, ta ce masa ciwon hanta ne, nau'in C, ya dawo mako mai zuwa a yi wani gwajin kafin a ɗora shi a kan magani. Layi ya yi tsawo a bayansa, shi kuma zaman kujerar ya ishe shi, don haka bai tambayi komai ba ya fito.

A hanya ya biya wajen yayansa Sha'aban, dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa, wanda a ranar yake zaune a shagon wani tela da abokansa. Cindo ya faɗa musu abin da aka ce. Telan ya ce ai C a jarrabawa tsaka-tsaki ce, ba yabo ba fallasa, ciwon ma haka zai zama. Wani ya ce shi dai ya san da wannan harafin Turawa ke fara rubuta kansa, wato ciwon daji. Sha'aban kuwa ya ce shi a fahimtarsa hawa-hawa ne, daga A a tafi B, kuma bai taɓa jin wanda aka ce ya wuce C ba. Bai faɗa da mugunta ba, idonsa ma ya kawo ruwa.

Cikin maganganun uku, Cindo ya ɗauki mafi muni. Da gari ya waye ya ce wa Murjanatu ya samu aiki a ƙauye, ya ɗaure gwangwanaye a bayan babur ya nufi Babban Mutum.

Can ya shiga bin dangi gida-gida yana neman gafara, har da waɗanda bai taɓa saɓa wa ba. Ya ce zai yi wa masallacin unguwarsu fenti saboda Allah. Ya yi bango ɗaya ya bari, ya koma gyara ƙofar tsohon gidansu, ya bar ta a jingine, ya tafi maƙabarta ya tsaya kan kabarin mahaifinsa, ya wuce ta cikin gonaki har kusa da iyaka ya dawo. Idan aka kawo masa fura sai ya kurɓa sau ɗaya ya miƙe. Mutanen garin suka fara raɗe-raɗin ko wani abu ya taɓa shi.

A Daura kuwa, matar Sha'aban ce ta zo yi wa Murjanatu jaje, tana zaton ta sani. Murjanatu ta saurare ta har ƙarshe, ta rufe injin taliya, ta aika aka kira Raihana, suka tafi asibiti. Sun jira har likitar ta sallami marasa lafiya. Likita Hadiyya ta ce ba za ta buɗe musu maganar mutum ba ya nan ba, amma za ta faɗa musu abin da kowa ya kamata ya sani.

"Waɗannan harufan suna ne kawai," in ji ta. "Ƙwayoyin cutar ne daban-daban, aka raɗa wa kowace harafi don a bambanta su. Ba mataki ba ne. Nau'in C yana da maganin da ke kawar da shi, idan an sha ba fashi. Idan kuma aka bar shi, shi ne yake cinye hanta a hankali. Ku kawo min shi."

Murjanatu ba ta koma gida ba. Daga asibiti ta wuce tasha ta shiga motar Ɓaure mai zuwa Babban Mutum. Ta iske shi a kan tsani a bayan masallaci, ya rame, rigarsa duk farin fenti. Ya gan ta, ya ci gaba da shafa bango kamar bai gani ba.

"Malam, sauko," ta ce.

Ya ce ta koma gida, shi ya riga ya san abin da ke akwai, ba ya son ta zauna tana kallonsa yana ƙarewa.

"Wa ya gaya maka? Likita ko Yaya Sha'aban?"

Ta maimaita masa maganar likitar kamar yadda ta ji, ba ƙari ba ragi. Ya tsaya da buroshi a hannu, fenti yana ɗiga a kan takalminsa.

"Suna ne kawai?" ya ce.

"Suna ne kawai. Kai da ka yi rayuwarka kana rubuta harafin nan iri-iri, ka rasa wanda zai karanta maka shi sai dillalin shanu."

Ya sauko. A ranar suka dawo Daura, shi a kan babur, ita a mota, yana gaba yana tsayawa jiran motar a kowane ƙauye saboda ta ce idan ya ɓace mata ba za ta yafe ba.

Sha'aban ya ji kunya sosai, ya ɗauki nauyin maganin gaba ɗaya. Abin da ya fi wahalar da Cindo ba shan maganin ba ne, zaman ne. Likita ta ce watannin nan ba tafiya, ba hawa tsani, ba shaƙar fenti. Ya share tsakar gida har ƙasa ta yi santsi. Ya kwance baburinsa ya sake ɗaurawa. Ya taya Murjanatu murza taliya, ya tsinka ta da gaggawa har ta kore shi. Da hantsi yakan fita ƙofar gida ya zauna a kan benci, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo, yana sauraron kwandastoci daga nesa suna kiran Katsina da Kano. Amma bai tsallake magani ko sau ɗaya ba, don Murjanatu da hannunta take ba shi, ta tsaya sai ya haɗiye.

Idonsa ya washe, cin abinci ya dawo. Da aka sake gwajin jini bayan wani lokaci, likitar ta ce ba a ga ƙwayar cutar ba. Ya yi godiya a tsaye, hannunsa a kan ƙofa.

Sai dai da ya koma bakin aiki ya tarar kasuwar ta canja. Dama ta daɗe tana canjawa, rashin zamansa ne ya hana shi lura. Masu shaguna sun koma allon leda da ake kira bana, wanda inji ke bugawa, da hoto da komai, a gama a yini ɗaya. Ƙanen Murjanatu, Musaddiq, yana da irin wannan shagon a hanyar Katsina, ya ce ya zo su yi aiki tare tunda ya san launi. Ranar farko Musaddiq ya nuna masa tankunan tawada huɗu a cikin injin, kowanne da harafinsa. Wanda aka rubuta wa C shuɗi ne a ciki, mai kalar sararin sama. Cindo ya tambayi me ya haɗa harafin da shuɗi. Musaddiq ya ce farkon sunan kalar ne a Turanci. Cindo ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce to, nan ma harafin ya samu wurin zama.

Shi kam bai samu ba. Aikin na kujera ne, ka danna ka jira inji ya yi ta kai da kawo. Bai cika wata ba ya ba Musaddiq haƙuri. Ya ji labarin direbobin manyan motocin da ke ɗaukar shanu zuwa Kudu har yanzu hannu suke so, domin leda ba ta jure rana da iska a jikin bodi. Ya koma bin su, ranar kasuwa yana Mai'aduwa, washegari yana Mashi, yana zana musu zaki da dabino da sunayen iyayensu mata a bayan mota.

Da daminar bara Raihana ta haifi ɗa namiji. Cindo ya iso wurin suna ana shirin shafa fatiha, da shuɗin fenti har gwiwar hannu. Ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a, ya duba fuskarsa da kyau ya ce ya yi kama da kakarsa. Aka kawo masa waina ya ci a tsaye. Ana cikin fiɗar rago wayarsa ta yi ƙara, wani direba ne daga Mashi yake cewa motarsa za ta tashi jibi kuma bodin ba komai a jiki. Murjanatu ta ji daga cikin gida. Ta ƙulle masa soyayyen nama a leda ta ba da aka miƙa masa, lokacin ya riga ya tayar da babur.