Kwalbar Dafi Ta Ƙarshe

Kwalba uku na dafin kububuwa gare ni lokacin da na fara aikin digirina na biyu, a wani ɗakin bincike da ke bayan Garki. Wani dattijo mai kama macizai a garin Karshi ne ya tatso mini, muka busar da shi ya koma gari. Kafin damina ta fita dattijon ya tashi, ba wanda ya san inda ya nufa. Abin da ke cikin firjin nan shi ke nan mini, in ya ƙare digirin ya ƙare.

Aikin a baki ba wuya. Akwai dogon bututun gilashi da muke kira kolom. Ana cika shi da jel, wasu ƙwayoyi masu taushi da ido ba ya iya rarrabewa. Sai a zuba dafin daga sama, ruwa ya kora shi ƙasa, manyan sinadarai su riga fitowa, ƙanana su biyo baya. Kwamfuta kuma tana zana layi, kowane sinadari da tsininsa, siriri, daban da na kusa da shi. Nawa layin kuwa a kasalance yake tashi, ya yi tozo guda, ya ja jela har ƙarshen shafi. Malamina ya duba ya ce, "Wannan ai tudu kika kawo mini."

Ba abin da ban taɓa ba. Na rage yawan dafin da nake zubawa, na rage gudun ruwa, na gajarta tiyo. Na bi gilashin da tocila ina neman kumfa, har zare na rataya da ɗan dutse, irin na magina, don in ga ko kolom ɗin ya karkace. Kwalba ta farko ta tafi a haka, ta biyu ta bi ta. Na fara jin tsoron buɗe firjin.

Mai kula da kayan ɗakin wani dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Jel ɗinmu gora ɗaya ce tak, ɗalibi ya gama ya bar wa ɗalibi, domin in an yi odar sabo sai a shafe watanni bai iso ba. Baba yana riritata kamar jaririya.

"'Yata, datti ne ya yi masa yawa," in ji shi. "Ki wanke shi da kyau, ki sake cika kolom ɗin da shi."

Ya nuna mini yadda yake yi: a juye jel ɗin a kofin gilashi, a jefa ɗan guntun maganaɗisu, a ɗora kan na'ura ta yi ta juya shi. Ya ce minti goma. Ni da naci, awa guda nake bari. Sau biyar na wanke na sake cikawa. Kowane karo ruwan sai ya ƙara nauyin sauka, ni kuma ina murna wai jel ya zauna daram.

Ranar wata Alhamis da safe na yi bisimilla na zuba kwalbar ƙarshe. Jira yana da tsawo, hannuna kuma ya ƙi zama, sai na lakato ɗan jel da ya rage a kofi na sa a madubin da ke ƙara girman abu. A littafi ƙwayoyin mulmulallu ne kamar ƙwan kifi. Nawa duk sun farfashe, sun zama tsaki. Na zazzage kwalin gorar, na tsinci takardar kamfani a naɗe a ƙasa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: kada a juya da maganaɗisu, yana niƙe ƙwayoyin.

Ashe niƙaƙƙen jel ne yake hana sinadaran rabuwa tun farko. Dafin ya riga ya yi nisa a cikin kolom, ba yadda za a yi a dawo da shi.

Na kira Baba. Ya leƙa madubin ya daɗe, ya karanta takardar, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Duk wanda ya bi ta ɗakin nan, haka na koya masa," ya ce.

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Na jawo masa kujera, muka zauna gaban kwamfuta muna kallon layin yana tashi a hankali.