Hawan Baba na Ƙarshe

Mahaifina bai taɓa riƙe igama, wato takardar izinin zama, ba, amma babu dutsen da bai sani ba a Makka. Yana saurayi ya zo aikin Hajji ya maƙale, ya kama sana'ar kai baƙi ziyara: Arfa, Mina, da Dutsen Nur inda kogon Hira yake. Da na fara jan tasi a unguwar Hindawiyya sai ya zama ni ke tuƙi, shi ke bayani.

Wata Umara muka ɗauki wasu Sakkwatawa. A lokacin gwiwoyinsa sun gaji, na roƙe shi ya jira mu a mota, ya ƙi. Muka kama hawa da sassafe, birai na bin jakunkunan mutane. A tsakiyar dutsen muka huta a rumfar mai shayi, gari shimfiɗe a ƙasanmu.

Nan wani dattijo cikin baƙin ya dube shi ya ce, "Malam, harshenka na wajenmu ne. Ɗan ina ne kai?"

Baba ya faɗi ƙauyensu da gidansu. Dattijon ya ajiye kofi.

"Inna lillahi! Kai ne wanda ya tafi Makka bai dawo ba? Ai an daɗe da yi maka sadaka. Innarka kaɗai ta ƙi yarda, har ta rasu tana cewa kana hanya."

"Ƙannena fa?"

"Sai haƙuri. Babu ko ɗaya. Gidan ma ya zube, gero ake nomawa a wurin."

Baba ya miƙe ya ce, "Yalla, mu ci gaba, rana na yi." Ya kai su har bakin kogon, ya yi musu bayani kamar kullum, muryarsa ba ta ko rawa ba. Wajen saukowa ne ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Goya shi na yi, na ji hawayensa a wuyana.

Bai sake fita ziyara ba. Dattijon ya turo mana lambar wani ɗan'uwa na nesa, na kai wa Baba wayar, ya ce, "In ce masa wa ke magana?"

Kafin Hajjin shekarar Baba ya rasu. Aka yi masa salla a Harami, aka binne shi cikin jerin kaburburan da ba a sa musu alama. Bayan wata guda na koma maƙabartar, na yi ta zagaye, ban gane nasa ba.