Mai Ɗibar Ƙasa a Fadamar Argungu

Munira na zaune a gindin mangwaro a bakin fadamar Argungu, tana jiran motar Birnin Kebbi, idonta na kan wata baƙuwa da ta durƙusa a gefen gonar shinkafa. Siririya ce, ta ɗaure mayafi a ƙugu, laka har gwiwa, amma ko a jikinta. Da cokali take ɗibar ƙasa, ta zuba a 'yar kwalba, ta rubuta lamba, ta jera a kula tana lallaɓawa kamar ƙwai.

Dattijo mai gonar ya tsaya a kanta. "Malama, sawun wa kika ɗauka? Nan nit taka ɗazu."

Ta yi dariya. "Baba, ba asiri na ba. Ƙwayoyin halittad da ka cikin ƙasag ga nika biɗa, ko a samu maganin cutad da ta bar jin magani."

Munira ta san cutar sarai. Shekararta tara a ɗakin gwajin asibiti, kullum tana rubuta wa likitoci cewa wannan maganin ma bai ci ba. Ko ran Laraba abin da ta rubuta a takardar wata mai jego ke nan. Ta tabbata karatunsu ɗaya da baƙuwar nan. Ƙila ita dai ba wanda ya ce mata ta kama aikin gwamnati ta rufa wa kanta asiri.

Baƙuwar ta zo wucewa, ta yi sallama. Munira ta amsa ciki-ciki, ta dubi farin takalminta mai tsabta, ta janye ƙafarta ƙarƙashin zane.