Baba Rabe Mai Tayar da Kututture

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinmu na Unguwar Dosa, kowa gida yake komawa ya ƙara kishingiɗa, ban da Baba Rabe. Shi sai ya rataya tsohuwar jakarsa ta masinja, ya ɗauki wuƙarsa mai lanƙwasa, ya gangara kwarin da ke bayan gidajenmu, wanda ruwansa ke zuba a kogi. Shekara goma sha tara ke nan, ko ranar Sallah sai ya leƙa.

Da ya fara, wurin juji ne. Masu gawayi sun gama da itatuwan, sai leda da kututture. An taɓa zuwa da manyan motoci aka dasa turare da dogon yaro, aka ɗauki hoto, aka watse. Kafin rani ya raba, awaki sun yi walima. Baba Rabe bai dasa ko ɗaya ba. Durƙusawa yake gaban kututturen da kowa ke wa kallon matacce, ya duba tohon da ya fito a gindinsa, ya zaɓi biyu masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kewaye da ƙaya. Haka ya ga mahaifiyarsa tana yi a gonarsu ta ƙauye. "Itacen bai mutu ba," yakan ce. "Kansa kawai aka sare, saiwar tana nan ƙasa tana jira."

Mun yi masa dariya, ba zan ɓoye ba. Ni kaina na ce zaman ritaya ne ya taɓa shi. Ashe mu ne abin dariyar. Muna kallo ɗorawa ta miƙe, ɗinya ta biyo, ɓaure ya yi inuwa. Sai ga kurege, sai bushiya, sai zuma ta yi saƙa a reshen ƙirya. Wata safiya cilakowa ta sauka kan katangar makarantar Islamiyya, Malama Kaltume ta dakatar da karatu don ɗalibai su gani, tun da a littafi kawai suka san ta.

Amma bara kurmin nan ya kusa tafiya. Guza ya shiga akurkin Alhaji Sule ya shanye ƙwai, aka kuma tsinci saɓar maciji a jikin katangarsa. Alhaji Sule tsohon darakta ne, a ofishin da Baba Rabe ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai masa fayil. Aka yi taron unguwa, aka yanke a share wurin ranar Asabar, har an kira mai zarto.

Baba Rabe bai yi musu ba. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a sare. Alfarma ɗaya nake nema. Gobe bayan asuba ku biyo ni, ku zauna rabin awa, kada wanda ya ce uffan."

Mu goma sha ɗaya muka je. Muka zauna, raɓa na jiƙa mana riguna, sauro na karɓar rabonsa. Can sai kuka ya tashi daga cikin ciyawa, wani ya amsa daga tsallaken kwarin. Makwarwa! A tsakiyar Kaduna! Ba mu gama mamaki ba sai ga uwar ta ratso gabanmu, 'ya'ya bakwai na biye da ita, ba ta ko dube mu ba. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Alhaji Sule ya cire tabarau ya share ido. "Rabona da jin kukan nan tun ina bin mahaifina gona," ya ce. "Rabe, daga ina ka kawo su?"

"Ban kawo su ba, ranka ya daɗe. Gida suka gani, suka dawo."

Ranar Asabar aka ba mai zarto haƙuri. Alhaji ya sa aka yi wa akurkinsa raga, Baba Rabe kuma ya share ciyawar da ke jikin katangu.

Baba, kai ne ka durƙusa a inda muke toshe hanci mu wuce. Kai ne ka haƙura da dariyarmu har ka sa mu zama a inuwarka. Baba Rabe, mai tayar da kututture, mun gode. Allah ya sa kowane ganye ya zame maka sadaka mai gudana.

Yanzu gwiwa ta fara gardama, gangaren nan ya soma fin ƙarfinsa, ga kututture sun fi ɗari suna jiran hannu. Jama'a, kowa ya wasa wuƙarsa ya zo ya koya tun mai koyarwar yana iya durƙusawa. Mun so mu haɗa masa walima ya ƙi, takardar yabo ma ya ce ba shi da bangon rataye ta. Saƙonsa ɗaya ne ga duk mai gangarowa kwarin, babba da yaro: a bar danƙo a gida.