Allon Hagu na Shagon Malam Ashiru

Ina tsakiyar casar waken soya a gonar kawuna a Gozaki wayata ta yi ƙara. Yaya Nura ne, babban almajirin shagon da nake koyon aiki. Ya ce maigidanmu Malam Ashiru ya faɗi bayan sallar asuba, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yar da sanda na hau mashin ɗin haya da ƙaiƙayi a jikina, amma ko da na isa Funtua har an dawo daga maƙabarta. Yaya Nura shi ya zuba ruwa wajen wanka, da shi aka ɗauki makara. Ni tabarmar zaman makoki kawai na tarar.

Ni ba mai dogon karatu ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba. Da damina ta faɗi bana kawuna ya kawo ni shagon Malam, can bayan tasha, inda ake buga katin aure da fosta da kalanda. Malam bai tambaye ni takarda ba. Ya dubi hannuna, ya ce hannun da ya iya shuka a layi zai iya jera rubutu. Kullum in aka kawo abinci daga gidansa, kwano ɗaya muke sa hannu, kuma shi ne mai turo nama gabana yana yi kamar bai sani ba.

Kwamfutarsa ɗaya ce, amma allo uku gare ta. Na dama shi ne nasa, a nan yake aiki. Na tsakiya yana ɗan karkace wajen mai kawo aiki, don ya ga katinsa. Na hagu kuwa na almajiri ne: duk abin da Malam ya yi a nasa, nan take yake fitowa a can, kamar madubi. Malam ba ya koyarwa da baki. Sai dai ka zauna ka bi kibiyar maus ɗinsa da ido har hannunka ya ɗauka. Masu gyara in sun zo sukan ce ya jera allunan a baibai, wai na farko a hagu yake zama. Sai ya yi murmushi ya ce, "Alwala ma da dama ake farawa, balle neman abinci."

To, wannan allon na hagu Yaya Nura ne a kansa, tun yana ƙarami. Ni nawa shara ne da yanka takarda da sayo ƙosai. In na leƙa ta bayansa sai ya ce, "Ɗan Gozaki, numfashinka na taɓa min wuya." Wallahi abin yana cina. Malam zai motsa kibiya kaɗan, Yaya Nura ya yi dariya, su biyu sun gane wani abu, ni ina tsaye riƙe da tsintsiya. Ranar da zan tafi aikin kaka Malam ya ce min, "Sabi'u, ka je ka taya kawunka. In ka dawo Nura zai matsa, benci naka ne." Da wannan maganar na yi ta casa.

Bayan addu'ar bakwai muka buɗe shago. Yaya Nura ya zauna a kujerar Malam. Kwamfutar ta nemi a sabunta ta, ya danna, ta mutu ta tashi, sai komai ya rikice. Aikin da ke dama ya koma tsakiya, rubutu ya kumbura, in ya tura kibiya wajen da ya saba sai ta tsaya cik kamar ta ci karo da bango. Allon hagu kuwa baƙi ƙirin. Ya cire waya ya hura ya mayar, ya musanya ta da wata, ya kashe ya kunna. Sauran biyun suka ɗan daidaita, na hagu ya ƙi.

Alhaji Mamman, yayan Malam, shi ke kula da shagon saboda marayu. Ya zo ya duba, ya ce in allon ya mutu a sauke shi, yaron nan kuma, wato ni, tunda babu inda zai zauna ya koma wajen kawunsa. Yaya Nura ya ce shi bai iya koyarwa da baki ba, don shi ma ba haka aka koya masa ba. A raina na ce shi ya sha ya ƙoshi, ni kuma da na miƙa hannu aka kifar da ƙwaryar.

Washegari da hantsi ina goge tebur, na riga na ɗaure kayana a leda, sai gwiwar hannuna ta ture maus, ya zame can gefen dama. Na ɗaga kai, sai ga ƙaramar kibiya fara tana tsaye a tsakiyar baƙin allon hagu. Ni tsoro ma na ji. Na kira Yaya Nura na nuna masa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan a hankali ya ce, "Ba mutuwa ya yi ba. Ta mance jerin Malam ne, ta kai shi wani gefe, ta daina yi masa madubi." Ya ce Malam ya sha gaya masa kwamfuta jaki ce, inda ka ɗaure ta nan za ta kwana. Ni ban taɓa jin wannan maganar ba. Ita ma shi kaɗai aka ba.

Ya buɗe baƙar tagar nan ta kwamfuta da Malam yake rubuta mata umarni a ciki, ya rubuta ya goge, ya sake, hawaye na zubo masa bai share ba. Ya mayar da na dama na farko. Allunan suka yi ƙifta, sai ga abin da ke gabansa ya fito a hagu. Bai dube ni ba ya ce, "Ɗan Gozaki, aje ledar nan ka jawo benci."

Yanzu ni ne a allon hagu, alƙawarin Malam ya cika. Yaya Nura yana min kirki, ba zan ɓoye ba. Amma kibiyar da nake bi tasa ce. In ya yi wani juyi mai kyau ya ce haka Malam yake yi, sai kishi ya taso min, don shi ya gani da idonsa, ni labari nake ji.

Allah Ya jiƙan Malam Ashiru, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi littafinsa a hannun dama. Allah Ya ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya yi wa hannun Yaya Nura albarka, ni kuma Ya sanyaya min zuciya a kansa. Amin.